Tsakanin Lahadi da Lahadi: yadda Kirista ke ciyar da ruhunsa kowace rana



Akwai tambayar da ke yawan shigo mana a filin Kiristoci na ranar Lahadi, kuma daga ɓangare biyu take zuwa. Maƙwabtanmu Musulmi kan ce: mu dai kowa ya san salloli biyar, to ku fa, in kun fito daga majami'a ranar Lahadi, sai kuma wata Lahadin? Su kuma Kiristocin da ke ƙauyukan da babu fasto, ko waɗanda neman abinci ya kai garin da babu majami'a ko ɗaya, tasu tambayar ita ce: yaya mutum zai riƙe bangaskiyarsa kada ta yi sanyi, alhali sai ya yi wata uku bai ji wa'azi ba?

Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Sujadar Lahadi awa biyu ce ko uku, mako kuwa awa 168 ne. Abin da mutum ke yi da sauran awoyin shi ne Kiristoci ke kira ibadar kullum, kuma a cikinsu ne mai bi ke girma ko ya tsumbure.

Me ya sa maganar ta fi shafar mu a nan Nijar

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin ɗari na 'yan Nijar Musulmi ne, Kiristoci ba su kai kashi ɗaya ba. Duk da ƙarancin, tarihinsu a ƙasar Hausa ya kai shekara ɗari. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, daga baya aka kafa na Danja domin masu ciwon kuturta. Katolika sun fara aiki a Yamai a 1931, kuma a 2001 aka ba Maraɗi nata bishop, wanda ikonsa ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa.

Ku duba faɗin ƙasar nan, ku duba ƙarancin ma'aikata. Mai bishara ɗaya sai ya riƙe ƙauyuka da dama, yana zagayawa bisa babur ko a ƙafa. Akwai garuruwan da gidan Kirista ɗaya ne tak a cikinsu. Malamin lakwal ko ma'aikacin likita da aka tura daji yana iya samun kansa shi kaɗai. Wanda ke cikin wannan hali, in ya ce sai ranar da fasto ya zo zai buɗe Littafi, to ya zama kamar mai jiran ranar kasuwa kafin ya sha ruwa.

Mene ne girma cikin ruhaniya

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 5, ta kwatanta masu bi da jarirai da manya: jariri nono yake sha, babba kuwa abinci mai tauri yake ci. Marubucin yana ƙorafi ne a kan mutanen da suka daɗe cikin bangaskiya, ya kamata a ce suna koyar da wasu, amma har yanzu su ake ɗura wa. Ke nan yawan shekaru bayan baftisma bai isa shaida ba. Mutum na iya shekara talatin yana zama a benci ɗaya cikin majami'a, fushinsa da rowarsa suna nan yadda suke tun ranar farko.

Ma'aunin da manzo Bulus ya bayar cikin Galatiyawa sura 5 na hali ne. Ya lissafa abubuwa tara da ya kira 'ya'yan Ruhu, cikinsu har da ƙauna, haƙuri, tawali'u, aminci da kamun kai. Duka tara ɗin, babu wanda ake gani a kan mumbari kaɗai. Matarka ce za ta faɗa ko kana da haƙuri, wanda ya ba ka bashi kuma shi ya san amincinka.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta tun daga nan. A koyarwar Kirista, karatu da addu'a da azumi ba kuɗi ba ne da ake sayen yardar Allah da su. Ceto kyauta ne ta wurin Yesu Almasihu, shi ake kira alheri. To in haka ne, me ya kawo wahalar tashi da asuba? Manomi ya san amsar. Ruwan sama ba shi ke saukar da shi ba, amma in bai yi noman fari ba, bai yi maimai ba, ruwan nan ciyawa zai ciyar. Misalin mai shibka da Yesu ya bayar cikin Markus sura 4 a kan haka yake: iri ɗaya ne, wani ya faɗi kan hanya tsuntsaye suka tsince, wani kan dutse ya tsiro da wuri rana ta ƙone shi, wani cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani kuma a ƙasa mai kyau ya ba da amfani. Yesu da kansa ya fassara ƙayar da damuwar duniya da ruɗin dukiya. Ibadar kullum ita ce hauyar da ake cire ƙayar nan da ita.

Karatun Littafi Mai Tsarki: daga ina za a fara

Mu masu jin Hausa mun yi sa'a, domin Littafin ya daɗe a harshenmu. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara fassara sassansa, kuma cikin waɗanda suka koya masa Hausa har da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan dogon aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, sannan sabuwar fassara ta fito a 1979.

Abin da ke karya gwiwar mutane da yawa shi ne girman Littafin. Wanda ikkilisiyoyin bishara ke amfani da shi yana da littattafai 66 da surori 1,189, na Katolika kuma littattafai 73. Sai mutum ya fara daga Farawa da zafinsa, ya wuce Fitowa, in ya iso dokokin hadaya na Littafin Firistoci sai ya rufe, shi ke nan sai baɗi. Ga hanyoyi da suka fi sauƙi:

Sabon mai karatu ya fara da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta, surori 16 ne, labari ne bayan labari. Sura ɗaya a rana, cikin kwana 16 an gama.

Sabon Alkawari duka surori 260 ne. Wanda ke karanta sura ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, kwana biyar a mako har mako 52, zai sauke shi daidai cikin shekara guda, Asabar kuma ta zama ranar rama abin da ya kuɓuce.

Littafin Karin Magana surori 31 ne, wato kowace ranar wata da tata sura. In yau 12 ga wata, sai a buɗe sura 12. Ba a ɓata, ba a neman inda aka tsaya.

Mai son sauke Littafin gaba ɗaya cikin shekara sai ya karanta sura uku kowace rana, biyar ranar Lahadi.

Amma fa yawan karatu daban, cin moriyarsa daban. Dattawan ikkilisiya kan koyar da tambayoyi uku da mutum zai yi wa kansa bayan ya karanta: me wurin nan ya nuna mini game da Allah? Me ya tona game da ni? Me zan yi yau saboda shi? Tambaya ta uku ce mai wuya, domin tana iya tura ka ka gaida wanda kuka yi wata biyu ba ku magana. Riƙe aya ɗaya a zuciya ana juya ta yini guda, a gona ko a bakin rijiya, shi ne ake kira bimbini. Akwai kuma ƙananan littattafan ibadar kullum, irin su Abincin Yini da ikkilisiyar ECWA ta Najeriya ke fitarwa, masu ba da nassi da ɗan bayani na kowace rana. Su kuwa Katolika suna da jerin karatu na kowace rana wanda iri ɗaya ne a duk duniya, ranakun Lahadi kuma ana bin Matiyu shekara ɗaya, Markus shekara ɗaya, Luka shekara ɗaya.

Wanda bai yi lakwal ba fa?

Wannan ita ce tambayar iyayenmu mata da tsofaffi, kuma tana da nauyi, domin manya da yawa a karkara ba su karanta boko. To a sani, Kiristocin farko ma galibinsu da kunne suka karɓi Maganar. Littafi a zamanin nan da hannu ake rubuta shi, yana da tsada, mutum ɗaya ke karantawa jama'a na saurare.

Yau hanyoyin sun yi yawa. Akwai Sabon Alkawari da Hausa da aka ɗauka da murya, ana sa shi cikin ɗan katin nan na waya da ake kira memwar, ko a tura ta Bluetooth ko WhatsApp. Waya ƙarama ma tana karanta shi, ba sai babba ba, ba kuma sai da intanet ba. Masu babbar waya suna samun Littafin da Hausa cikin manhajar YouVersion. Mace na iya saurare tana daka, mai kiwo na iya saurare yana bin bisashe.

Hanya ta biyu ita ce yaran gida. Ɗan lakwal da ya iya haɗa baƙi, a ba shi Littafi ya karanta wa kakarsa aya biyar kowace maraice. Tsohuwa ta ji Maganar, yaro ya ƙware a karatun Hausa, kuma abin da ya karanta da bakinsa ba ya saurin mantawa.

Ta uku ita ce hadda da waƙa. Zabura ta 117 aya biyu ce kacal, ta 23 mai maganar makiyayi aya shida ce, kowa na iya haddace su cikin mako guda. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun daɗe suna mayar da nassi waƙa da tulu da caki, har matar da ba ta taɓa riƙe alkalami ba ta san labarin Yusufu da na ɗa ɓatacce daga farko har ƙarshe. Rediyo ma tana da nata tarihin a nan: tashar ELWA ta Laberiya, wadda ta fara aiki a 1954, da Muryar Bishara mai ɗakin shirye-shirye a Jos, sun shekara da shekaru suna kai wa'azi da Hausa ƙauyukan da mai bishara bai taɓa takawa ba.

Addu'a: yaushe, kuma da wace magana

Sabon Alkawari bai ƙayyade wa Kirista adadin lokutan addu'a a rana ba, bai kuma sa alƙibla ko harshe na musamman ba. Wannan sauƙi ne, amma shi ne kuma tarkon, domin abin da ba a sa wa lokaci ba yakan zama abin da za a yi anjima. Shi ya sa masu bi tun dā suke yanka wa kansu lokaci. Annabi Daniyel sau uku yake addu'a a rana, har hakan ya kai shi ramin zakoki bai daina ba. Markus ya ba da labarin yadda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da babu kowa domin ya yi addu'a. Katolika suna da addu'ar Anjelus da ƙarfe 6 na safe, da tsakar rana, da 6 na yamma, ga kuma jan carbi.

A garuruwanmu akwai agogon da ba ya kuskure, wato kiran sallar asuba. Kiristoci da yawa da shi suke tashi: maƙwabci ya nufi masallaci, su kuma su durƙusa a ɗaki. Da damana, lokacin da ake sammakon gona, minti goma kafin a ɗauki hauya sun isa. Da rani kuwa ana iya tsawaitawa. Gara minti goma kowace rana da awa biyu sau ɗaya a wata, da yayyafi kogi ke cika.

Wanda bai san abin da zai ce ba, ga tsari mai sauƙi da ake koya wa sababbin masu bi. A fara da yabon Allah saboda wanene shi. A bi da tuba, a ambaci laifin da sunansa, kada a tsaya ga cewa "in na yi kuskure". Sai godiya a kan abubuwan da aka gani da ido: ruwan da ya sauka, yaron da zazzaɓi ya saki, kuɗin da ɗan uwa ya aiko. A ƙarshe sai roƙo, a fara da na wasu kafin na kai, har da shugabanni da maƙwabta da wanda ya cuce ka. Addu'ar Ubangiji da ke cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11 ita ce gwadabe. Ku lura da abu biyu a cikinta: abincin yini ɗaya ake roƙo, kuma gafarar da mutum ke nema an ɗaure ta da gafarar da shi ma yake yi wa wasu.

Sujadar gida

A ƙauyen da babu majami'a, tsakar gida ita ce majami'ar. Yesu ya yi alkawari cikin Matiyu sura 18 cewa ko mutum biyu ko uku ne suka taru da sunansa, yana tare da su. Sujadar iyali ba ta bukatar fasto: bayan tuwon dare, kafin yara su yi barci, a yi waƙa ɗaya, a karanta ɗan nassi, maigida ko uwargida ta tambayi yara abin da suka ji, kowa ya faɗi abin da yake so a yi masa addu'a a kai. Minti goma sha biyar ne. In ta yi tsawo yara za su ƙi ta, in kuma ta zama wurin yi musu faɗa za su tsane ta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke zama shi kaɗai Kirista a ajinsu zai sha tambayoyi, wasu na neman sani, wasu na ba'a. A tabarmar nan ta dare ne zai koyi abin da ya gaskata, ya kuma koyi amsawa da ladabi ba tare da zagin addinin kowa ba. Gidajen da maigida ya tafi ci-rani, nauyin yakan koma kan uwa, kuma ikkilisiyoyi da dama a karkara mata ne ke riƙe da su daga kaka har faɗuwar ruwa.

Akwai kuma gidajen da addini ya rabu, miji daban mata daban, ko ɗa daban da iyayensa. A nan hikima ita ce a yi ibada ba tare da tsokana ba: kada a ƙure rediyo lokacin da wani ke salla, kada a ci abinci a gaban mai azumi don a nuna masa. Wasiƙar Bitrus ta fari ta shawarci masu irin wannan zama da su bar halinsu ya yi magana fiye da bakinsu.

Azumi da bayarwa

Mutane da yawa ba su san Kiristoci na azumi ba. Katolika suna da lokacin azumi na kwana 40 kafin Idin Tashin Almasihu, wanda aka fi sani da Ista. Yana farawa ranar Larabar Toka, ba a lissafa ranakun Lahadi, ana barin cin nama ranakun Juma'a, ana kuma rage abinci sosai ranar Larabar Toka da Juma'ar tunawa da mutuwar Yesu. Ikkilisiyoyin bishara ba su da wata ƙayyadadde, mutum kan ɗauki yini ɗaya ko uku, ko ikkilisiya ta sa ranar azumi domin roƙon ruwa ko zaman lafiya. Mai ciki, mai shayarwa, maras lafiya da mai shan magani ba a ɗora musu.

Cikin Matiyu sura 6 Yesu ya haɗa sadaka da addu'a da azumi, ya yi gargaɗi ɗaya a kan dukansu: kada a yi don mutane su gani. Mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, mai sadaka kada ya yi shela. Bayarwa kuma ba sai da kuɗi ba. A ƙauyuka da yawa, da kaka ana kawo damman hatsi majami'a domin godiya, daga ciki ake taimakon mai bishara da gwauraye da marayu lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tiya ɗaya ta hatsi da aka kai wa maƙwabciya cikin watan bakwai, ko Musulma ce ko Kirista, ibada ce cikakkiya.

Ga 'yan uwa da ke ci-rani

Ku ne kuka fi fuskantar gwaji. Ɗaki ɗaya mutum takwas, aiki daga safe har dare, babu ranar hutu, wani wurin ma nuna Littafi a fili na iya jawo matsala. Ga kewar gida, ga kuɗi a aljihu, ga babu idon dattijo. Abu uku za su taimaka.

Na farko, ku yanka lokaci ɗaya da iyalinku. In an ce kowace Laraba da dare za a karanta sura kaza, kai kana Tamanrasat ko Abijan, su suna Dogon Dutsi ko Agye, kowa ya karanta, sannan a yi musayar saƙon murya. Na biyu, ka samu mutum ɗaya da ke da ikon tambayarka gaskiya: ina kuɗin da ka samu, ina kake kwana, ka yi addu'a? Garwashi ɗaya in aka fitar da shi daga murhu ba ya daɗewa. Na uku, in akwai majami'a a inda kake, ka shiga ko da ba ka jin harshensu sosai. Sannan alkawarin da ka ɗauka na aiko da kuɗin hatsi da na makarantar yara, cika shi yana cikin ibadarka. Ba daidai ba ne a ji muryarka a taron addu'a alhali gidanka ba a ɗora tukunya ba.

Hattara da masu sayar da addu'a

Waya ta kawo alheri, ta kuma kawo 'yan damfara. Za ka ji saƙo daga wani mai kiran kansa annabi, ya ce ya ga maƙiyi cikin danginku, a turo jika goma ya karya asiri, ko a sayi mai ko ruwa na musamman. Wasu har su ce maras lafiya ya bar shan magani. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin wani mai sihiri a Samariya da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, manzo Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. A sura 17 kuma an yaba wa mutanen Biriya domin kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, alhali Bulus ne da kansa ke yi musu wa'azi. Duk wanda ya sa wa addu'a farashi, ko ya haɗa ka faɗa da uwarka, ko ya hana ka zuwa likita, ka rabu da shi. Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan su ne suka gina Galmi da Danja, addu'a da magani tare suka tafi da su.

In zuciya ta bushe

Akwai lokacin da mai bi zai buɗe Littafi ya ji kamar yana tauna ƙaiƙayi, ya yi addu'a ya ji kamar ba ta wuce rufin ɗaki ba. Yakan zo bayan rasuwa, ko asarar amfanin gona, ko doguwar jinya. Wannan ba alamar Allah ya juya baya ba ce. Zabura 150 ne, kuma da yawansu kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Annabi Iliya ma, cikin littafin Sarakuna na fari sura 19, ya gaji har ya roƙi mutuwa, kuma abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, magana ta biyo baya. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci kwana da kwanaki, ya faɗa wa wani dattijo, ya kuma je likita.

Manoman jihar Maraɗi suna da darasi a kan wannan a gonakinsu. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki tohon kututture ne, saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gatari da bisashe. Manoma, galibinsu Musulmi, suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Yahaya sura 15 ta yi irin wannan magana a kan itacen inabi da ake datse wa rassa domin ya ƙara 'ya'ya. Wanda ibadarsa ta mutu shekara da shekaru kada ya ce sai ya dasa sabo. Ya zaɓi abu ɗaya, ko Zabura ɗaya da safe ko Addu'ar Ubangiji da dare, ya kare shi har wata guda, sannan ya ƙara.

Inda ake gane girman

Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba ta haifar da aiki gawa ce, Bulus kuma ya gargaɗi Afisawa da su kashe fushi kafin rana ta faɗi. Ke nan jarrabawar ibadar safe tana kasuwa da gona: tiyar da kake awo da ita cikakkiya ce? Iyakar gonar da ke tsakaninka da maƙwabci tana inda kakanni suka bar ta? In shanun wani suka yi maka ɓarna, wurin maigari za ka ko wurin adda?

Kiristocin Nijar sun taɓa fuskantar jarrabawar nan a fili. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an kuma rasa rayuka. Shugabannin ikkilisiya suka yi kira da a yafe, kada a rama, an kuma samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Yafiya irin wannan ba a ƙirƙiro ta rana ɗaya. Wanda ya saba yafe ƙaramin laifi kowane dare a kan tabarmarsa shi ke iya ɗaukar babba in ya zo. Haka nan naman layya da ke shiga gidan Kirista, da abincin Nowel da ke shiga gidan Musulmi, da zaman makoki da suna da ake yi tare, duk abubuwa ne da ake ginawa yau da gobe.

A shirinmu na Lahadi mai zuwa za mu fara karatun Bisharar Markus tare, sura ɗaya kowane mako, da bayani cikin Hausa mai sauƙi domin waɗanda ba su da Littafi a hannu. Wanda ke da tambaya, Kirista ne ko Musulmi, ya aiko da saƙon murya kamar yadda aka saba. A tara yara da tsofaffi kusa da rediyo. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.